Kuttun tawada da butar Koriya

Malaman Koriya na da suna da wani ɗan kayan rubutu da ake kira yonjok. 'Yar buta ce ta tangaran, ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Tawadarsu busasshiya ce, sai an goga ta bisa dutse da ruwa kaɗan kafin ta yi rubutu ko zane. Saboda haka aka yi wa butar kafa biyu: mai rubutu ya toshe ɗaya da yatsa, in ya ɗaga sai ruwa ya ɗiga daidai bukata. Magina na zamanin daular Goryo, daga 918 zuwa 1392, sun gina ta da siffar agwagwa ko biri rungume da ɗansa. Na daular Joson, wadda ta ƙare a 1910, sun fi son farin tangaran. Yau wasu daga cikinsu suna gidajen tarihi na birnin Seul, gwamnati ta sa su cikin dukiyar ƙasa.

Maraɗi ma tana da nata. Malamin zaure yakan fafe ƙaramin duma ya yi kuttun tawada, wani lokaci ya sa baduku ya rufe shi da fata. Ta allo, gawayi ne da ƙaro, don ta wanku. Ta takarda kuwa akan dafa bagaruwa da kashin maƙera, ita ce ke shekaru ba ta kushe ba. Sirka ruwan ma ilimi ne: in ya yi yawa rubutu ya yi fari, in ya kasa alƙalamin kara ya ƙi tafiya.

Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi, da Gobirawan da suka zauna Tibiri a 1836, duk da malamansu suka zo. Ambaliyar gulbi ta 1945 ta rushe tsohon gari, ga kuma gara. Amma abin da ya fi cin kuttu shi ne raini. Almajiri yanzu kwalbar magani ta roba yake zuba tawada, tsohon kuttun kakansa kuwa in ya tsage sai juji.

Attajiran da ke gina masallatai da makarantu ba za su rasa kuɗin ɗaki ɗaya na ajiyar alluna da kuttuna ba, tare da sunan malamin da ya yi aiki da kowane. Magina tukwane na Jiratawa kuma, da za a ba su samfuri da ciniki, gidan tawada na yumɓu bai fi ƙarfinsu ba.