ZARE: Hoton almanak da kuke yaɗawa, da maganar wa ya ƙirga Yahudawa

1/ Jama'a, akwai wani hoto da yake ta yawo a guruf-guruf na WhatsApp da nan X, wai ya "tona asiri" cewa ba a kashe Yahudawa miliyan shida a yaƙin duniya na biyu ba. Hujjar nan ruɓaɓɓiya ce, kuma masu yaɗa ta Falasɗinawa suke cuta ba su sani ba. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri. 🧵

2/ Ga abin da hoton yake cewa. Akwai wani littafin alƙaluma da ake bugawa duk shekara a Amurka, sunansa World Almanac. Kafin yaƙi ya ce Yahudawan duniya miliyan 15 ne da ɗoriya. Bugun 1948 ma ya ce miliyan 15.7. Sai a zagaye adadin da jan biro a ce: to su wa aka kashe?

3/ Adadin yana cikin littafin da gaske. Abin da ba a gaya muku shi ne almanak ba ya ƙirga kowa, kwafo ƙiyasi yake yi daga wasu. Adadin 1948 tsohon ƙiyasi ne na kafin yaƙi da suka ci gaba da maimaitawa saboda sabo bai zo hannunsu ba.

4/ Bugun 1949 na wannan littafin dai ya kawo kusan miliyan 11.3, ya kuma gyara ƙiyasin 1939 zuwa miliyan 16.6. Ɗauki kalkuleta ka cire da kanka. Wanda ya haɗa muku hoton ya tsaya a 1948 ne saboda ya san abin da ke gaba.

5/ Duk adadin da aka kawo maka na mutanen da suka shuɗe, tambaya uku ce: wa ya ƙirga, yaushe, kuma ta wace hanya? Mu da ƙasarmu ta soke ƙidayar 1962 da ta 1973 saboda rigima, ai bai kamata a koya mana wannan ba.

6/ Kuma kar wani ya ce masana tarihi haɗiye duk wani adadi suke yi in dai ya shafi Yahudawa. Josephus, Bayahude ne, ya rubuta cewa mutum miliyan 1.1 suka mutu lokacin da Rumawa suka kewaye Birnin Ƙudus a shekara ta 70. Masana na yanzu ba su yarda ba, don girman birnin a lokacin ba zai ɗauki wannan jama'a ba.

7/ Wani malamin Kirista na ƙarni na 13, Bar Hebraeus, ya ce an ƙirga Yahudawa 6,944,000 a zamanin sarkin Rum Claudius. An daɗe ana kwafar wannan adadi, har aka gano cewa adadin 'yan ƙasar Rum ne baki ɗaya aka jingina wa Yahudawa.

8/ Benjamin na Tudela, matafiyi daga Sifen a ƙarni na 12, ya bi gari gari yana rubuta yawan Yahudawa. Na Bagadaza, wani kwafin littafin ya ce 40,000, wani ya ce 1,000. Kuskuren mai kwafa kaɗai ya isa ya ninka gari sau arba'in. Shi ya sa adadin zamanin da sai da taka-tsantsan.

9/ Amma ƙarni na 19 da na 20 wata duniya ce daban. Gwamnatoci sun fara ƙidaya gida gida, da takardu, da tambayar addini da yare. Kuma waɗannan gwamnatoci ba masoyan Yahudawa ba ne balle a ce sun ƙara musu yawa don su faranta musu.

10/ Daular Rasha, ƙidayar 1897: Yahudawa kusan miliyan 5.2.
Folan, ƙidayar 1931: miliyan 3.1, wajen kashi goma cikin ɗari na ƙasar.
Jamus, ƙidayar Yunin 1933, Hitila na kan mulki: kusan dubu 500, ko kashi ɗaya cikin ɗari ba su kai ba.

11/ Waɗannan ba jimla ce kawai a kan takarda ba. An rarraba su lardi lardi, gari gari. Za ka iya duba Warsaw ko Lodz ka ga nawa ne a 1931, sannan ka tambayi nawa suka rage a 1946. Haka ake aikin: a ƙirga kafin, a ƙirga bayan, a cire waɗanda suka yi hijira.

12/ Sai hanya ta biyu, wadda masu musu ba sa son a taɓo: takardun makasan da kansu. 'Yan Nazi mutane ne masu son rubuta rahoto, kuma ba duka suka samu damar ƙonawa ba.

13/ Taron Wannsee, 20 ga Janairu 1942. Manyan jami'an Nazi suka zauna da jadawalin Yahudawan Turai ƙasa ƙasa, jimla miliyan 11, har da na ƙasashen da ba su ci ba irin su Ingila da Turkiyya. Kwafin bayanin taron ya tsira, an same shi bayan yaƙi.

14/ Rahoton Karl Jäger, Disamba 1941, daga Lituwaniya. Kwamandan rundunar kisa ya jera rana, gari, maza nawa, mata nawa, yara nawa. Jimlar da ya sa wa hannu 137,346. Runduna ɗaya ke nan, cikin 'yan watanni.

15/ Saƙon Höfle, Janairu 1943. Leƙen asirin Birtaniya ne ya kama shi a rediyo, ya yi ta kwanciya a ma'ajiya sai a shekara ta 2000 aka gane muhimmancinsa. Ya ce zuwa ƙarshen 1942 an kai mutum 1,274,166 sansanoni huɗu: Belzec, Sobibor, Treblinka da Lublin.

16/ Wannan adadi na 1,274,166 shi ne dai ya fito a rahoton Richard Korherr, masanin ƙididdigar da Himmler ya sa ya haɗa masa lissafi a 1943. Takardu biyu, an same su a wurare daban, a lokuta daban, adadi ɗaya har lambar ƙarshe. Wa ya ƙirƙira wannan?

17/ Hangari kuma: tsakanin Mayu da Yulin 1944 an kwashe kusan mutum dubu 437 a jiragen ƙasa, mafi yawansu zuwa Auschwitz. Jami'an Jamus da ke Budapest su ne suka riƙa aika adadin zuwa Berlin.

18/ Na san abin da zai biyo baya: "ai guduwa suka yi Amurka da Falasɗinu." To mu duba, tunda shiga ƙasa ma da rajista ake yi. Gaskiya ne Yahudawan gabashin Turai wajen miliyan biyu sun shiga Amurka daga 1881 zuwa 1924. Amma a 1924 Amurka ta yi dokar da ta kusan rufe ƙofar.

19/ A Yulin 1938 ƙasashe 32 suka taru a Evian, Faransa, kan batun 'yan gudun hijirar Yahudawa. Kusan kowa ya nuna tausayi, kusan kowa ya ce ba shi da wuri. A 1939 jirgin ruwa St. Louis, da fasinja sama da 900, ya je har gaɓar Amurka aka mayar da shi Turai.

20/ Falasɗinu fa? A 1939 Birtaniya ta ƙayyade mutum dubu 75 kacal cikin shekara biyar. Zuwa 1947 duka Yahudawan da ke Falasɗinu, tsofaffin zama da sababbin zuwa, wajen dubu 630 ne. Na Folan kaɗai sun haura miliyan uku. Haba, ta ina lissafin zai fita?

21/ Wasu dubban ɗaruruwa sun tsere cikin Tarayyar Sobiyet, kuma an san da su, suna cikin lissafi. Da da yawansu suka koma Folan a 1946, duka waɗanda aka yi wa rajista ba su kai dubu 250 ba. Sauran miliyoyin ba su bayyana a ƙidayar kowace ƙasa ba har yau.

22/ Sai maganar allon Auschwitz: "da an rubuta miliyan huɗu, yanzu an rage, me ya sa shida ba ta ragu ba?" Miliyan huɗun adadin Sobiyet ne. Masanin tarihin gidan tarihin, Franciszek Piper, ya yi bincike ya kawo kusan miliyan 1.1, aka sauke tsohon allon a 1990.

23/ Jimlar ba ta ragu ba saboda tun farko ba a kan allon aka gina ta ba. Raul Hilberg tun a 1961 ya sa wa Auschwitz kusan miliyan ɗaya, kuma jimlarsa ta fita miliyan 5.1. Daga ƙidayar ƙasa ƙasa aka haɗo ta.

24/ E, masana sun saɓa. Hilberg miliyan 5.1, Lucy Dawidowicz miliyan 5.9, wasu sun ɗan haura shida. Saɓanin yana da dalili. Iyakoki sun canza, gari ɗaya yau yana Folan gobe yana Sobiyet, sai an kula kar a ƙirga shi sau biyu.

25/ Ga kuma tambayar waye Bayahude. Ƙidaya addini ko yare take tambaya. Dokokin Nuremberg na 1935 kuwa kakanni suke bi, don haka an kashe mutanen da a ƙidaya Kiristoci ne. Irin wannan ne yake kawo tazara tsakanin biyar da shida. Ba shi zai mayar da ita dubu ɗari uku ba.

26/ Yanzu ga dalilin da ya sa na ce Falasɗinawa ake cuta. Da me muke tabbatar da cewa ƙasar nan da mutanenta kafin 1948? Da wannan ilimin dai. Ƙidaya, rajistar hijira, takardun gwamnati. Kayan aikin iri ɗaya ne sak.

27/ Ƙidayar Birtaniya ta 1922 a Falasɗinu: jimla 757,182. Musulmi kusan dubu 590, Kirista dubu 73, Yahudawa dubu 84, wato kashi 11 cikin ɗari. Ƙidayar 1931: jimla ta haura miliyan ɗaya, Yahudawa 174,610, kusan kashi 17.

28/ Zuwa 1947 sun kai kashi ɗaya cikin uku, mafi yawa ta hanyar hijira, musamman bayan Hitila ya hau mulki a 1933. Filin da suka mallaka bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba. Tsarin rabon Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba su sama da rabin ƙasar. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma alƙaluma ne suka riƙe ta.

29/ Nakba: Falasɗinawa wajen dubu 700 zuwa 750 aka kora ko suka gudu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta dubu 711. Walid Khalidi ya tattara ƙauyuka sama da 400 da aka mayar kufai. Benny Morris, ɗan Isra'ila, daga ma'ajiyar ƙasarsa ya tabbatar da wajen dubu 700.

30/ Kuma ɗaya ɓangaren ma suna da nasu masu wasa da lamba. A 1984 Joan Peters ta fitar da From Time Immemorial, tana cewa wai yawancin Larabawan Falasɗinu baƙi ne da suka shigo kwanan nan. Littafin ya sha yabo a Amurka.

31/ Me ya rushe shi? Mutane irin su Norman Finkelstein da masanin Isra'ila Yehoshua Porath sun koma kan takardun da ta kafa hujja da su, suka nuna yadda ta murɗe alƙaluman. Finkelstein ɗin nan, iyayensa biyu daga sansanonin Nazi suka tsira.

32/ To ɗan uwa, in ka ce ƙidayar Folan ta 1931 da takardun Jamus duk ƙage ne, da wane baki za ka kawo ƙidayar 1922 gobe? Wanda kake muhawara da shi zai ce maka ita ma ƙage ce. Ka karya sandar da kake dogarawa da hannunka.

33/ Su ma masu musun yawan waɗanda aka kashe a Gaza salon da suke bi ke nan: a tsinci adadi ɗaya da aka gyara, a ɗaga shi sama, a ce ka gani duk ƙarya ne. In abin yana ƙona maka rai idan an yi wa yaran Gaza, ka san yadda yake.

34/ Wani zai ce ai gwamnatin Isra'ila tana fakewa da kisan kiyashin don ta yi abin da ta ga dama. Wannan magana ce da za a iya yi, kuma Yahudawa da kansu sun rubuta littattafai a kai. Amma don wani ya ci riba da gawa, ba shi ke nuna ba a yi mutuwar ba.

35/ Yaron da aka harbe a rami a Lituwaniya a 1941 bai kori kowa daga Haifa ba. Lokacin ko ƙasar Isra'ila babu. Goge shi daga lissafi ba zai dawo wa Bafalasɗine ko taku ɗaya na gonarsa ba.

36/ Kuma mu da muke cewa don addini muke yi, a je a karanta aya ta 6 a Suratul Hujurat kan tantance labari, da aya ta 8 a Suratul Ma'ida kan adalci ga mutanen da kake ƙi. Ba a ware WhatsApp a cikin hukuncin ba.

37/ Abu na ƙarshe. Yahudawan duniya a yau suna wajen miliyan 15.7, wato bayan shekara tamanin har yanzu ba su koma adadin 1939 ba. Al'ummar da "ba abin da ya same ta" ba ta yin haka.

38/ Don Allah in hoton ya sake shigowa guruf ɗinku, kar a yi zagi, kar a yi faɗa. A tambayi wanda ya turo ya kawo shafin bugun 1949. Wanda yake da gyara kan wani adadi da na kawo, ga fili nan, ya zo da takardarsa da shekararta. Nan zan tsaya.