A Bar Yara Su Yi Gardama A Kan Bindiga

A watan Nuwamban 2017, maudu'in da aka ba ɗaliban sakandaren Amurka masu gasar muhawara shi ne: shin a wajabta binciken tarihin duk wanda zai sayi bindiga? A irin wannan gasa sai an jefa kwabo kafin ɗalibi ya san gefen da zai kare, don haka dole ya haddace hujjar masu goyon baya da ta masu adawa.

Wata uku bayan nan, ranar 14 ga Fabrairun 2018, wani tsohon ɗalibi ɗan shekara 19 ya shiga makarantar Marjory Stoneman Douglas da ke Parkland a jihar Florida da bindigar AR-15 wadda ya saya bisa doka, ya kashe mutum 17. Gundumar Broward, inda makarantar take, ta daɗe da shigar da muhawara cikin karatun makarantunta, kuma an ga amfanin hakan. Mako guda da harin, Cameron Kasky, ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar, ya tsaya gaban Sanata Marco Rubio a tashar CNN ya tambaye shi ko zai daina karɓar kuɗin NRA, ƙungiyar masu kare mallakar bindiga. Sanata ya yi ta kewaye-kewaye.

Wasu sun ce an hure wa yaran kunne ne. Ni ban yarda ba. Yaron da aka taɓa tilasta wa kare gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka, wanda tun 1791 ya ba jama'a 'yancin riƙe makami, ya san inda hujjar take da ƙarfi da inda take da rami. Shi ya sa ba su tsaya ga kuka ba. Cikin wata guda Gwamnan Florida Rick Scott, ɗan jam'iyyar Republican, ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun sayen bindiga daga 18 zuwa 21. A tuna, bayan kisan yara 20 a makarantar Sandy Hook a 2012, majalisar dattawa ta kasa zartar da ko da dokar faɗaɗa binciken masu saye.

Inda nake ganin muhawarar tana da giɓi shi ne, harbin makaranta ya cinye zancen. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka harbe kansu. Ɗalibin da ya gano wannan zai fara tambayar inda ake ajiye bindiga a gida, ko a kulle take, ba nau'inta kaɗai ba.

Mu fa? A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga. Manya suka yi ta ce-ce-ku-ce a rediyo, amma 'yan makarantar da aka kwashe 'yan'uwansu a Ƙanƙara da Jangebe ba wanda ya nemi jin ta bakinsu. Har yau a ranar muhawara abin da muke ba su shi ne likita da malami wa ya fi. A ba su maganar Zamfara a zango mai zuwa, a jefa kwabo, ɗan da aka ƙona ƙauyensu ya kare hana bindiga, ɗan birni ya kare ba da ita.