Ba a ganinta a hoton, amma aikinta ne

Duk mai leƙa Instagram ya saba cin karo da hotunan falo da ɗakunan kwana da masu ƙawata gidaje na Kano da Kaduna da Abuja ke sakawa. A ƙasa sai ka ga ana yaba kujeru, ana tambayar kuɗin labule, wata ma tana cewa irin wannan silin take so ranar aurenta. Da wuya ka ga wanda ya tambayi wa ya ɗauki hoton. Mu yau shi muka zo tambaya, domin ɗaya daga cikin masu wannan sana'a tamu ce.

Waɗanda suka daɗe suna karanta wannan shafi za su tuna sunanta a ƙarƙashin hotunan muhawara da kacici-kacici da bikin rabon kyaututtuka. Shekara biyu muka yi tare. Ta riga mu gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, yanzu kuma abincinta yana cikin ɗaukar hoton cikin gida: otal-otal, shagunan kayan ɗaki, gidajen da dillalai ke son sayarwa. Da muka ji labari, wasu a cikinmu dariya suka yi. Ɗaki ai ba ya motsi, ba ya ƙifta ido, ba ya cewa a sake ɗauka bai yi kyau ba. Ina wahalar?

To ku gwada da waya ku gani. Da zarar ka ɗan ɗaga kan wayar sama, bango zai karkace kamar zai faɗo, ƙofa ta tsuke daga sama. Shi ya sa a hotunan yayar tamu kowane layin da ke tsaye a gini yana tsaye cak a hoto. Kyamararta tana kan sanda mai ƙafa uku, daidai tsayin ƙirji ko ƙasa kaɗan, ba a karkace ba. Akwai kuma rigimar haske. Hasken taga fari ne mai ɗan shuɗi, na wasu ƙwayayen lantarki kuma ruwan ɗorawa ne. Idonmu yana sasanta su, kyamara ba ta iyawa, sai farin bango ya fito kala biyu. Don haka sau da yawa takan kashe fitilu ta jira rana ta juya. Taga kuma ta fi cikin ɗaki haske nesa ba kusa ba: in ɗakin ya fito, tagar ta zama fari fat, in tagar ta fito, ɗakin ya yi duhu. Maganinsa a ɗauki hoto uku ko fiye daga wuri ɗaya, mai duhu da matsakaici da mai haske, a haɗa su a kwamfuta. Ga ɓoye wayoyin caja, ga gyara zaman matashin kujera, ga madubi da ke neman tona asirin mai ɗaukar hoton. Falo ɗaya yana iya cinye mata wuni.

Amma ba hotunan otal ne suka sa muka rubuta wannan ba. Wasu hotuna ne da take ɗauka don kanta, babu mai biyanta ko kwabo: ɗakunan tsofaffi a cikin birni. Jeren kwalla da samira da tasoshi tun daga ƙasa har kusa da rufi, gadon ƙarfe mai rumfa, tabarma a naɗe a lungu, rufin azara da hayaƙin turaren wuta ya rine. Kasancewarta mace ya buɗe mata ƙofar da namiji zai tsaya a zaure yana sallama. Kuma ba ta wasa da wannan amana: ba ta ɗauka sai mai ɗakin ta yarda, ba ta sakawa a intanet sai ta koma ta nuna mata. A ganinmu waɗannan hotuna sun fi na otal daraja, domin otal ana gina irinsa kullum, irin wannan jere kuwa yana tafiya tare da masu shi. Kaka ta rasu, a raba kwanuka, a rushe ɗakin a sa bulo, shi ke nan.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniyar gini. Masallacin Juma'a na Zazzau, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830, kyansa yana ciki ne, a bakunan da suka ɗauke rufinsa. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana aunawa da zana gine-ginen gargajiya na Najeriya, har aka gina kwafin masallacin a gidan tarihin gine-gine da ke Jos. A Amurka kuma, hoto ɗaya da Julius Shulman ya ɗauka a 1960, na wasu mata biyu zaune a falon gilashi ga fitilun birnin Los Anjeles shimfiɗe a ƙarƙashinsu, shi ya sa duniya ta san wannan gida. Mafi yawan masu sha'awarsa ba su taɓa taka ƙofarsa ba, a hoton suka san shi.

Abin da ke mana ciwo shi ne yadda ake yi da aikin irin su yayarmu. A ɗauki hotonta, a yanke gefen da sunanta yake, a saka a shafin wani shago kamar daga sama ya faɗo. Wasu ba da mugunta suke yi ba, ba su ɗauki hoto a matsayin aikin wani ba ne. Mu ɗalibai kuwa mun san zafin ka kwana kana aikin gida wani ya kwafe ya sa sunansa. In za ku tura hoton da ya burge ku, ku bar sunan a wurinsa.

Ga masu son gwadawa, ba sai kun jira babbar kyamara ba. Ku kunna layukan da ke raba fuskar kyamarar waya gida tara, ku daidaita su da ƙofa ko kusurwar bango. Ku jingina wayar a kan tebur ko tarin littattafai don kada hannu ya yi rawa. Ku ɗauki ajinku bayan an tashi, ko zauren gidanku, sau ɗaya da hantsi sau ɗaya da la'asar, ku kwatanta. In ɗakin Hajiya kaka ne, a fara neman izini. Ku aiko mana da wanda ya fi, tare da sunanku da ajinku da makarantarku. Yayar tamu ta amince za ta zaɓi uku da za mu buga a ƙarshen wata.