Horon natsuwa na ƙara wa aure daɗi, amma ba kowane aure ba

Miji ya dawo gida a gajiye, matarsa na ba shi labarin yadda ta wuni da yara, shi kuwa idonsa na kan waya. Ta ji an raina ta, ta yaɓa masa magana, ya mayar da wadda ta fi zafi. Tsakanin maganarta da amsarsa akwai 'yan daƙiƙoƙi, kuma su ne horon natsuwa ke ƙoƙarin koya wa mutum ya ci moriyarsu.

Jon Kabat-Zinn ne ya fara wannan horo a 1979 a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, domin marasa lafiya masu fama da ciwo da damuwa. Ana haɗuwa rukuni-rukuni sau ɗaya a mako har mako 8, sannan kowa ya riƙa yin atisaye a gida kullum: ya zauna shiru, ya bi numfashinsa, ya lura da abin da ke taso masa a zuciya ba tare da ya yi gaggawar bin sa ba. Tushensa na cikin al'adar mabiya Buddha, sai dai an cire ɓangaren ibada kafin a shigo da shi asibiti.

A 2004 James Carson da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina suka wallafa sakamakon gwada shi a kan ma'aurata, gida 44. Aka raba su biyu, wasu suka shiga horon, wasu suka jira. Waɗanda suka shiga sun ce sun fi jin daɗin zamansu, sun fi kusantar juna da karɓar juna yadda suke, damuwarsu kuma ta ragu. Bayan wata 3 da gamawa, ribar tana nan. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, waɗanda suka fi yin atisayen a gida su suka fi amfana. Halartar zaman kaɗai bai isa ba.

To amma a lura da kyau. Ma'auratan da aka yi binciken da su dama suna zaman lafiya, ba su zo da wata babbar matsala ba. Yawansu kaɗan ne, kuma su da kansu suka bayyana yadda suke ji. Saboda haka duk wanda ya ɗauki wannan sakamako ya ce wa matar da ake duka, ko wadda aka bari ba ci ba sha, ta je ta koyi natsuwa, ya zalunce ta sau biyu. Irin wannan gida iyaye da alƙali yake buƙata.

A ganinmu, wurin da horon ya fi dacewa shi ne tun kafin a ɓata. Masu shirya bitar aure ga angwaye da amare na iya ɗaukar darasi biyu daga gare shi. Na farko, a zaunar da miji da mata tare, domin sau da yawa amarya kaɗai ake tarar wa da nasihar haƙuri. Na biyu, a ba su abin da za su riƙa yi kullum, ko da minti 10 ne na ajiye waya a saurari juna, sannan a sake kiran su bayan wasu makonni a ji yadda abin ya kasance.