Wai Wasa Ne Kawai? A Tambayi Na Ƙasa

'Yan uwana Hausawa mazauna Maiduguri! Jiya a majalisarmu ta Moduganari musu ya kaure, wani abokina ya dage wai Desert Strike wasa ne kawai. Ni kuwa na ce sam.

Na san wasan nan tun ina yaro, a tsohuwar Sega da yayana ya bar mini, ina bugawa in Baba ya tafi Monday Market. Kamfanin Electronic Arts na Amurka ne ya fitar da shi a 1992, shekara ɗaya kacal bayan Yaƙin Tekun Fasha. Kai ne matuƙin jirgi mai saukar ungulu samfurin Apache, abokin gabarka kuwa Janar Kilbaba, wanda ko makaho ya shafa ya san Saddam ake nufi. Da kasuwa ta yi kyau sai ga Jungle Strike a 1993, Urban Strike a 1994, Soviet Strike a 1996, Nuclear Strike a 1997. Wasa biyar, amma galibi kai kana sama, mutanen ƙasa kamar tururuwa.

To jama'a, mu a garin nan mun san ko su wane ne tururuwar. Ranar 2 ga Disamba 2013, da Boko Haram suka far wa sansanin sojan sama, aka sa dokar hana fita, muna ƙunshe a ɗaki, ko wace ƙara muka ji a sama sai Inna ta hau salati. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann. A wasa in ka yi kuskure sai ka sake daga farko. Mutanen Rann fa, wa zai dawo musu da nasu?

Ban ce a fasa Sega ko a ƙwace wayar yara ba, wannan aikin baban giwa ne, ni ma wasan ya yi mini daɗi. Amma wanda ya ƙera wasa shi ke zaɓar gwarzo, shi ke zaɓar wanda za a harbe ba a ko san sunansa ba. Iyaye, kun bar Kano da Katsina kun zo neman halak, kada kasuwa ta hana ku zama kusa da yaro yana wasa, ku tambaye shi: wannan da ka harba ɗan wane ne?

Abokina, ina jiran amsarka. Allah Ya zaunar da Borno lafiya, amin.