Ƙafarka ma jikinka ce

'Yan uwana ɗalibai, mu faɗa wa juna gaskiya. Muna kashe kuɗi a kan shadda da turare da man fuska, amma ƙafa sai ranar da ta hana mu zuwa lakca muke tunawa da ita. Alhali ita ce take fara taɓa duk wani datti, kuma ita ce take kai shi har cikin ɗaki.

Wani zai ce ai sau biyar muke wanke ta kullum a alwala. Haka ne, kuma malamai sun koya mana tsettsefe yatsu da kula da diddige. Matsalar tana bayan wankin. Sai mutum ya zura jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin safar jiya da takalmi sau-ciki, ya wuni da ita a cikin zafi. Danshin nan na tsakanin yatsu shi ne abin da cin ruwa yake so, ga ƙaiƙayi ga wari. Kuma ana ɗaukarsa a daɓen banɗakin hostal, don haka shiga wanka babu silifas ganganci ne. Ka tsane tsakanin yatsu, ka canza safa kullum, ka shanya takalmi a rana.

Lokacin hunturu kuma faso ne. Mu maza mun ɗauka kaushi alamar jarumta ce. To, faso idan ya yi zurfi ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Ɗan dutsen goge ƙafa da man kaɗanya ko basilin da daddare sun isa.

Mu da muka fito daga Anka, Gummi da Bukkuyum, zancen ya wuce kwalliya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, kuma yara sama da 400 suka rasu. Babban sanadin shi ne niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Ƙurar ta zauna a ƙasa, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. Wannan ƙura tana bin ƙafa da takalmi da kaya. Saboda haka duk wanda yake zuwa wurin haƙa a lokacin hutu, ya bar takalmin aikin a waje, ya yi wanka ya canza kaya tun kafin ya shiga inda ƙannensa suke wasa.

Damina ma da nata. Mutanen Gummi ba su manta ambaliyar watan Agustan 2024 ba. Ruwan da ya kwanta yana ɓoye ƙusa da fasasshiyar kwalba, kuma rauni mai datti yana iya jawo tetanus, ciwon da yake sandarar da jiki har haƙora su sarƙe. Tsargiya ta fata take shiga idan an tsoma ƙafa a tafki ko rafin da yake ɗauke da ita. Akwai kuma tsutsar da take shiga ta ƙafa daga ƙasar da aka yi ba-haya a kai, ta sauka a hanji tana shan jini. Idan abu ya soke ka, ka wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ka je asibiti a duba ko kana buƙatar allura. Kada ka tura ƙasa ko toka a ciki.

Sai masu yankan farce da suke yawo. Sana'arsu halal ce, amma almakashi ɗaya ne yake bin ƙafafu da yawa a rana, kuma ciwon hanta nau'in B ta jini yake yaɗuwa. Ka sayi abin yankanka, kada ka ba da aro, kuma ka yanke farcen a miƙe don kada ya shige nama.

Idan kun je gida, ku duba ƙafar Baba ko Inna in suna da ciwon suga. Ciwon yana kashe jin ƙafa, mutum ya taka ƙaya bai sani ba har gyambo ya kama, wani lokaci sai an yanke. Dubawar minti ɗaya kullum tana iya hana hakan.

Na san wasu za su ce ga kuɗin makaranta, ga rashin tsaro a hanya, wa yake ta ƙafa? Ai shi ya sa ma. Silifas da sabulu sun fi kuɗin asibiti araha nesa ba kusa ba, kuma ranar jarrabawa da ƙafarka za ka shiga aji.