A Ƙidaya Arzikin Talaka, Amma Ba Don Lanho Ba

Duk wanda ya sauka Dungu, a yankin Matamaye cikin jihar Damagaram, zai iske wani arziki da kundin gwamnati bai ware masa shafi ba. Mata na zuba adashe mako-mako, manoma na yi wa juna gayya da damina, masu garkar rake da kayan miya na haɗa kuɗin taki da man injin ban-ruwa. Wannan shi ne tattalin arzikin taimakon juna. Shi ke aurar da ɗiya, shi ke biyan magani, shi ke ba ƙaramin ɗan kasuwa jarin da banki ya hana shi.

Lamarin ba sabo ba ne. Tun 1962 aka kafa UNCC, kuma ƙasar Matamaye da Magarya na cikin wuraren da kwaperatif suka riƙe kasuwannin gyaɗa. Amma a wancan zamani abin da hukuma ta fi ƙidayawa shi ne tan ɗin gyaɗa da bashin iri. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, dubarar da ta tsallaka ƙasashe da dama. Mu muka haifi abin, wasu ke auna shi.

Duniya kuwa ta motsa. A 2018 taron masana ƙididdigar ƙwadago a Janiba ya tsara ƙa'idojin ƙidayar kwaperatif. A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fayyace ma'anar wannan tattalin arziki, sannan a watan Afrilu na 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe su sa shi cikin alƙalumansu. Dokar OHADA ta 2010 ma ta wajabta rajistar kwaperatif. Sai dai rajista haihuwa take rubutawa, ba ta rubuta mutuwa. Ƙungiya nawa aka kafa domin cin kuɗin furoje, suka watse ranar da motar furojen ta juya?

Mun san tsoron ƴan kasuwa. Tun zamanin Nasara, in aka ƙidaya kai, lanho ke biyo baya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron na da hujja, amma ɓoyewa na da tsada: wanda ba ya cikin lissafi, ba ya cikin kasafi, ba ya cikin rabon taki, ba ya cikin rance.

Saboda haka muna kira ga Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, da hukumomin komin da abu uku. Na farko, a ƙidaya ƙungiyoyi masu rai: membobi nawa, mata nawa, ajiya nawa, bashi nawa aka mayar. Na biyu, a gina katanga tsakanin mai ƙidaya da mai karɓar haraji, a faɗi haka a bainar jama'a gaban sarakuna. Na uku, a mayar wa mutane sakamakon da Hausa, a rediyon karkara da dandalin kasuwa, kada ya kwana cikin durowa a Yamai.

Ma'aikaci ya je da amana, ɗan kasuwa ya faɗi gaskiya. In ɗaya ya saɓa, za mu ci gaba da tsara wa Dungu makoma da alƙaluman da Dungu ba ta ciki.